Marowaci da kayan jabu a bakin Bature: Saran Turancin da ba a koyarwa a aji

Bahaushe bai taɓa barin marowaci ya sarara ba. In bai ce masa mai maƙo ba, ya ce mai ƙwauro, ko ya ce hannun jarirai gare shi, ko kuma ya ce ko anini ba ya fita daga aljihunsa. Haka ma kayan da ba su da aminci: jabu, bogi, tarkace, akwala, ƙyalƙyal banza. Kowace kalma da nauyinta, kuma duk wanda ya tashi cikin harshen ya san wadda ake faɗa ana dariya, da wadda in aka faɗe ta sai an raba faɗa.

Shi ma mai jin Turanci haka yake, yana da buhu guda na irin waɗannan kalmomi. Damuwar ita ce, mu da muka koyi Turanci a aji, littafin makaranta ya ba mu “stingy” da “cheap” ne kawai ya ja bakinsa. Sauran muna tsintar su ne a fina-finai da TikTok da hirar ’yan ƙwallo, babu mai ce mana wannan wasa ce, wannan zagi ce, wannan kuma kada ka kuskura ka sa ta a takardar WAEC. Shi ya sa za ka ji ɗalibi ya yi niyyar yabon takalmin abokinsa ya ɓuge da cin mutuncinsa, ko ya rubuta wa shugaban makaranta wasiƙa da yaren ’yan tasha. A wannan makon za mu zazzage buhun, mu ga inda kalmomin suka samo asali da inda ya dace a yi amfani da su.

“Cheap”: kalma ɗaya, fuska uku

A tsohon Turancin da aka yi fiye da shekara 1,000 da suka wuce, kalmar “ceap” na nufin ciniki ne ko kasuwa. Har yau akwai wani titi a tsakiyar birnin Landan mai suna Cheapside, wanda a da can shi ne babbar kasuwar garin. Idan mutum ya yi sa’ar ciniki sai a ce ya samu “good cheap”, wato ciniki mai kyau. A hankali aka yar da “good” ɗin, “cheap” ta tsaya ita kaɗai da ma’anar araha.

Yau kalmar na da fuska uku. Ta farko ita ce arahar da muka sani: “Tomatoes are cheap this month”, tumatir ya yi araha a watan nan. Babu laifi a nan. Ta biyu ita ce rashin inganci. Idan ka ce wa abokinka “Your shoes look cheap”, ba cewa ka yi ya iya ciniki ba, cewa ka yi takalminsa na banza ne. Ta uku, wadda aka fi ji a Amurka, ita ce rowa. “He is cheap” na nufin marowaci ne. Mafi muni shi ne a ce wa mace “She looks cheap”, domin wannan ya bar maganar kuɗi ya koma taɓa mutunci.

To, idan kana son ka ce abu bai yi tsada ba, kuma ba ka son a ji kamar raina shi kake yi, sai ka ce “inexpensive” ko “affordable” ko “reasonably priced”. In kuwa murna kake yi da sa’ar ciniki, akwai “a bargain”, akwai “dirt cheap”, wato araha kamar ƙasa, akwai kuma “a steal”, wato arahar ta kai kamar sata ka yi. ’Yan Birtaniya na da “cheap and cheerful” ga abin da ba shi da tsada amma yana biyan buƙata, da kishiyarta “cheap and nasty” ga wanda arahar tasa ta zama wahala.

Sunayen da ake laƙa wa marowaci

Mu fara da “stingy” ɗin da kowa ya sani. Ana furta ta “stinji” ne, da sautin “j”. Ɗalibai da yawa kan ce “stingi”, wanda kunnen mai harshen zai ji kamar ana maganar abu mai harbi irin na kunama.

“Tight-fisted” ita ce ’yar uwar hannun jarirai ɗinmu, domin hoto ɗaya suke zanawa: hannu a dunƙule, ba ya buɗuwa. ’Yan Birtaniya kan taƙaita ta su ce “He’s tight”. Amma a lura, “Money is tight” ba zagin kowa ba ne, cewa ake yi kuɗi sun yi ƙaranci.

“Tightwad” ta Amurka ce. “Wad” shi ne damin takardun kuɗi da aka naɗe, don haka “tightwad” shi ne wanda ya damƙe daminsa ya ƙi warwarewa. “Cheapskate” ma daga Amurka ta fito tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma ita ce za ka fi ji a fina-finai. Ana jifan mutum da ita idan yana da hali amma kullum yana neman hanyar kauce wa biya, kamar wanda in an zo biyan kuɗin abinci sai ya tuna yana da kiran waya.

“Skinflint” tsohuwa ce, kuma ta fi su ban dariya. “Flint” shi ne dutsen ƙyastu da ake ƙyasta wuta da shi, “skin” kuma a nan feɗewa take nufi. Ke nan mutumin da saboda maƙo zai zauna ya feɗe dutse ko zai samu fatar sayarwa. Kusa da ita akwai “cheese-paring”, mai kankare ɓawon cuku don kada ko ɓurɓushi ya tafi a banza.

“Penny-pincher” kuwa kusan tamu ce. “Penny” shi ne kwabo, kuma kafin a kawo naira a 1973, da fam da sule da kwabo ake ciniki a Najeriya. Kwabo 12 ne sule ɗaya, sule 20 ne fam ɗaya. Taro kwabo uku ne, sisi kwabo shida, anini kuma kashi ɗaya cikin goma na kwabo. Saboda haka idan kaka ta ce wane ko sisi ba ya bayarwa, da ita da Baturen da ya ce “penny-pincher” a kan kuɗi iri ɗaya suke magana. Daga nan ne aka samu karin maganar “penny wise, pound foolish”, wato mai tsimin kwabo yana asarar fam, kamar wanda ya ƙi sayen man inji na ƙwarai har injin ya buga.

Akwai kuma habaicin da ba kalma ɗaya ba ce. Za ka ji an ce mutum yana da “deep pockets and short arms”: aljihu mai zurfi, hannu gajere, ba ya kaiwa inda kuɗin suke.

Scrooge: sunan da ya fita daga littafi

A watan Disambar 1843 marubucin nan na Ingila, Charles Dickens, ya fitar da wani ɗan littafi mai suna A Christmas Carol. Tauraron labarin, Ebenezer Scrooge, attajiri ne a Landan da ke ƙuntata wa akawunsa, yana hana shi isasshen gawayin ɗumama ofis a tsakiyar hunturu, yana kuma korar masu neman taimako ga talakawa. A dare ɗaya fatalwar tsohon abokin kasuwancinsa da wasu ruhohi uku suka nuna masa rayuwarsa ta baya da ta yanzu da irin ƙarshen da ke jiransa. Gari na wayewa ya zama mai kyauta.

Abin lura shi ne, duk da ya tuba a ƙarshen labarin, duniya ba ta riƙe wannan ba. Har gobe in aka ce “Don’t be a Scrooge”, rowa ake nufi. Kamfanin Disney ma ya ari sunan a 1947 ya ba wani attajirin agwagwa, Scrooge McDuck. In suna ya riga ya bi mutum, wanke shi sai an sha wuya.

Ita kuma “miser”, wadda za ka iya haɗuwa da ita a jarrabawa, daga Latin ta zo, inda take nufin abin tausayi, wanda ke cikin ƙunci. Tushensu ɗaya da “misery” da “miserable”. Wato tun a sunansa an riga an yanke hukunci cewa mai tara kuɗi ya ƙi ci shi ne ya fi kowa shan wahala.

Tattali daban, rowa daban

Kamar yadda Hausa ta raba tattali da tanadi daga rowa da maƙo, haka Turanci ya raba su. “Thrifty” da “frugal” da “economical” da “prudent” yabo ne. “Thrifty” ma danginsu ɗaya da “thrive”, wato bunƙasa. “Stingy” da “miserly” da “parsimonious” da “tight-fisted” kuwa suka ne. Ɗalibar da ke ajiye wani abu daga kuɗin tararta don ta sayi littafin tambayoyin baya “thrifty” ce. Wanda yake da biro uku ya hana maƙwabcinsa aron ɗaya ranar jarrabawa shi ne “stingy”. Bambancin a nan yake: mai tattali kansa yake tauye wa don wata manufa, marowaci kuwa haƙƙin wani ko buƙatar wani yake dannewa.

Akwai tarko guda da ya kamata a sani, wato kalmar “mean”. A Turancin Birtaniya, wanda shi makarantunmu suka gada, “He is mean with money” na nufin marowaci ne. A Amurka kuwa “mean” ta fi nufin mugu ko mai cin zali. Idan ka ci karo da ita a sashen fahimtar rubutu, dubi abin da ke kewaye da ita kafin ka zaɓi amsa.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, wato wanda ba ya kashe nasa amma yana cin na wasu. Shi ne “freeloader” ko “sponger” ko “scrounger”, ɗan a-ci-bulus ke nan. Maganinsa a wurin Turawa shi ne “Let’s go Dutch”, kowa ya biya nasa.

Kayan banza da tarihinsu

Kalmomin kayan da ba su da inganci sun fi daɗin bibiya, domin yawancinsu sunan wani abu ne na gaske kafin su zama zagi.

“Shoddy” sunan wani irin yadi ne. A garin Batley da ke yankin Yorkshire na Ingila, wani mai suna Benjamin Law ya ƙirƙiro hanyar niƙa tsummokaran ulu a gauraya su da sabon ulu a sake saƙawa, a wajajen 1813. Sana’a ce ta halal da ta samar wa talaka tufafi mai araha. Sunan ya ɓaci ne lokacin yaƙin basasar Amurka da aka fara a 1861, yayin da wasu ’yan kwangila suka riƙa sayar wa gwamnati kakin soja na irin wannan yadi mafi ƙasƙanci, wanda ke wargajewa in ruwa ya taɓa shi. Tun daga nan duk aikin da aka yi shi da ha’inci ake ce masa “shoddy”. Gini ne, ɗinki ne, ko titin da aka yi bana ya fashe baɗi.

“Tawdry” kuma daga sunan wata waliyyiyar Kirista ta fito, Saint Audrey ta garin Ely a Ingila, wadda ta rasu a shekarar 679. Ana cin wata kasuwa ta shekara-shekara da sunanta, inda ake sayar da wani zaren ado na wuya da ake kira “Saint Audrey’s lace”. Da bakin mutane ya gaji, sai harafin “t” na ƙarshen “Saint” ya manne wa sunan, aka koma cewa “tawdry lace”. Da kayan suka zama na kowa da kowa, ingancinsu ya faɗi, kalmar ta koma nufin ƙyalƙyal banza.

“Pinchbeck” sunan wani maƙerin agogo ne a Landan, Christopher Pinchbeck, wanda ya rasu a 1732. Shi ya haɗa jan ƙarfe da tutiya ya fitar da wani ƙarfe mai kama da zinare. Bai ɓoye wa kowa abin da yake sayarwa ba, amma da wasu suka fara sayar da irinsa a matsayin zinare, sunansa ya koma nufin jabu. Haka ma “chintzy”, daga “chintz”, wani yadin auduga mai zanen furanni da ake kaiwa Turai daga Indiya tun ƙarni na 17. A da kayan masu hali ne, da aka cika kasuwa da kwaikwayonsa sai ya zama abin rainawa. A Amurka “chintzy” na ɗaukar ma’ana biyu, kaya marasa inganci da kuma mutum marowaci.

“Brummagem” wani suna ne da ake kiran birnin Birmingham da shi. A ƙarni na 17 garin ya yi ƙaurin suna wajen buga kuɗin jabu, sai sunan ya zama na duk wani abin bogi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin ita kanta kalmar “jabu” ana danganta ta da sunan Ijebu.

Amurkawa kuma da kuɗinsu suke auna raini. “A dime a dozen” na nufin dozin guda a kan santi 10, wato abu ya yi yawa har ba shi da daraja. Takwararta a Birtaniya ita ce “ten a penny”, goma kwabo. “Two-bit” santi 25 ne, kuma in an ce wa mutum “two-bit actor”, ana nufin ɗan wasan da bai kai ya kawo ba.

Lemon tsami da ya kai mutum ga kyautar Nobel

A Amurka, motar da aka saya sannan aka gano cike take da matsala ana ce mata “lemon”: kyau a ido, tsami a baki. Kalmar ta yi ƙarfin da har dokokin da ke kare mai sayen irin wannan mota ana kiransu “lemon laws”.

A 1970 wani masanin tattalin arziki, George Akerlof, ya wallafa wata maƙala mai suna The Market for Lemons. Hujjarsa mai sauƙi ce, kuma duk wanda ya taɓa sayen waya ta hannu zai gane ta. A ce wayar hannu mai lafiya ta kai Naira 80,000, mai ɓoyayyiyar matsala kuma Naira 30,000, amma a ido ba ka iya bambance su. Mai sayarwa ya san wadda ke hannunsa, kai ba ka sani ba. Saboda tsoro sai ka taya Naira 55,000. Mai waya ta ƙwarai zai ce albarka ya mayar da abarsa aljihu, mai ta banza kuwa zai ce ya sallama da sauri. A hankali masu kayan kirki su janye, kasuwa ta cika da “lemons”, masu saye su ƙara rage tayi. Wannan nazari na cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2001 tare da wasu masana biyu. Shi ne kuma ke bayyana dalilin da ya sa garanti da rasit da amanar mai shago suke da daraja: su ne ke cike giɓin abin da mai saye bai sani ba.

Waɗanda za ka fi ji a yau

“Knock-off” kwaikwayon kayan wani sanannen kamfani ne da ake sayarwa da araha, kamar rigar ƙwallon da ta yi kama da ta asali. “Rip-off” daban take, kuma nan ne ɗalibai ke rikicewa. Ita ba araha take nufi ba, cuta take nufi: an karɓi kuɗinka fiye da ƙimar abin. Ruwan leda a kan Naira 500 “rip-off” ne ko da ruwan mai kyau ne.

“Dud” abin da ya ƙi aiki ne gaba ɗaya, kamar batirin da bai taɓa kawo wuta ba ko cekin da banki ya ƙi biya. “Junk” tarkace ne, daga nan aka samu “junk food”. “Bootleg” kayan da aka kwafa ko aka yi fasa-ƙwaurinsu ne. Asalinta masu ɓoye kwalbar giya a cikin dogon takalmi, kuma ta yaɗu sosai lokacin da Amurka ta haramta sayar da giya daga 1920 zuwa 1933. Yau an fi amfani da ita ga fim ko waƙar da aka kwafa ba da izini ba. “Tacky” abin da ba shi da tsari ne ko da an kashe masa kuɗi. ’Yan Birtaniya na da “tat” ga ƙananan tarkacen kasuwa, da “old banger” ga akwalar mota.

Sabuwar shigowa ita ce “dupe”, wadda aka gutsuro daga “duplicate”. Turare ne ko jaka mai kama da ta masu tsada amma da sunanta daban, kuma matasa na alfahari da samunta. Sai dai a Turanci “to dupe” na nufin a damfari mutum, don haka a kula da wadda ake nufi.

Namu na gida

Turancin Najeriya ma bai zauna haka ba. Marowaci shi ne “aka gum”, an haɗa kalmar Ibo ta hannu da gam, wato kuɗi na manne masa a tafi. A farkon 2021 an yi ta raha a shafukan sada zumunta da wata ƙungiyar wasa ta marowatan maza, “Stingy Men Association”, har da katin shaida. Kayan hannu kuma su ne “tokunbo” ko “Belgium” ko “fairly used”, gwanjo shi ne “okrika” ko “bend-down-select”, masu sayar da shi a Instagram kuma sun yi masa kwalliya suna ce masa “thrift”. Duk waɗannan suna da daɗi a hira, amma wanda ba ɗan Najeriya ba ba zai gane yawancinsu ba, mai duba takardar jarrabawa kuma ba zai karɓe su ba.

Akwai kuma “Aba-made”, wadda ake faɗa da raini duk da cewa dubban masu sana’a a kasuwar Ariaria na yin takalma da jakunkunan da ake kaiwa har ƙasashen maƙwabta. Tarihi na da darasi a nan. A 1887 Birtaniya ta yi dokar da ta kai ga rubuta “Made in Germany” a jikin kayan Jamus, da nufin mutane su gane baƙin kaya ne su guje su. Jamusawa suka gyara aikinsu, tambarin ya koma shaidar inganci. Haka aka raina kayan Japan bayan yaƙin duniya na biyu, yau kuwa Toyota ce ke cike titunanmu.

Waɗanda ya kamata a bar su

Wasu kalmomin rowa an gina su ne a kan sunan wata ƙabila ko al’umma, kamar yadda wasu Turawa ke jingina rowa ga Yahudawa ko ’yan Scotland, ko yadda a nan gida ake jingina ta ga wani gari. Irin waɗannan cin fuska ne, kuma a makarantu da ofisoshin ƙasashen waje suna iya jawo wa mutum hukunci. Haka ma “Chinko” da ake ce wa kayan China, ba kalmar da za ka faɗa a gaban ɗan ƙasar ba ce.

Akwai ma wadda ba ta da laifi a asali amma kunne ke ƙin ta. “Niggardly” tsohuwar kalma ce mai nufin rowa, kuma ba ta da alaƙa da mummunar kalmar nan da ake zagin baƙar fata da ita. Duk da haka, a 1999 wani jami’i a ofishin magajin garin Washington ya faɗe ta a wani zama kan kasafin kuɗi, aka ɗauka zagi ya yi, har ya ajiye aikinsa, kafin daga baya a dawo da shi. Ka san ma’anarta don karatu, amma ka nemi wata a magana. “Crap” da “crappy” kuma, duk da yawan jin su a fim, kalmomi ne na ƙazanta da ba a faɗa a gaban manya.

A ɗakin jarrabawa

Masu duba insha’in Turanci na WAEC suna raba maki ne gida huɗu: abin da ka faɗa, tsarin rubutun, yadda ka sarrafa harshe, da kiyaye ƙa’idojin rubutu. Sara a inda bai dace ba yana cin makin sarrafa harshe. A ce an umarce ka ka rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma kan kujerun da aka kawo makarantarku suka karye cikin wata guda. Idan ka rubuta “The desks are junk and the contractor is a cheapskate”, ka faɗi abin da ke ranka amma ka zubar da maki. Abin da ake so shi ne irin “The desks are of inferior quality” ko “The work was shoddy”, domin “shoddy” ta samu karɓuwa har a jaridu. Sauran na ofis su ne “substandard” da “counterfeit” da “defective” da “adulterated”, irin waɗanda hukumomin NAFDAC da SON ke amfani da su a sanarwarsu. A wasiƙar aboki kana da ɗan sarari, za ka iya cewa “tight-fisted” ko “a rip-off”, amma ko a can ba a son Pidgin.

A sashen zaɓen kalma mai kusancin ma’ana ko kishiya, riƙe wannan: kishiyar “stingy” ita ce “generous”, kishiyar “frugal” kuma ita ce “extravagant” ko “wasteful”. Sau da yawa ana sa su tare a zaɓi don a ga wanda zai ruɗe.

Abu na ƙarshe bai shafi maki ba. Sanin waɗannan kalmomi ba lasisin jifan mutane da su ba ne. Ɗan ajinku da bai taɓa sayen komai a lokacin tara ba, mai yiwuwa ba “cheapskate” ba ne, babu ce ta hana shi. Wadda ke sanye da takalmin roba kuma, wataƙila shi ne iyakar abin da gidansu ya iya saya a wannan zangon. Bahaushe ya ce araha ba ta ado, amma a kan kaya ya yi maganar, bai ce mai sanye da su ba shi da daraja ba.

Gwada kanka

Wace kalma ce ta fi dacewa a kowane wuri?

1. Kana yabon mahaifiyarka kan iya riƙon kuɗin cefane: “stingy” ko “thrifty”?
2. An sayar maka da littafin Naira 1,000 a kan Naira 4,000: “knock-off” ko “rip-off”?
3. Wasiƙa zuwa ga kwamishinan lafiya kan magungunan jabu: “counterfeit” ko “dud”?
4. Kana gaya wa baƙo cewa otal ɗin garinku ba shi da tsada kuma yana da kyau: “cheap” ko “affordable”?
5. Kishiyar “frugal”: “generous” ko “extravagant”?

Amsoshi: 1. thrifty 2. rip-off 3. counterfeit 4. affordable 5. extravagant

Wanda ya ci biyar ya koya wa na kusa da shi, kada ya yi rowar ilimi. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.